Tumatir ya yi tsada, ganye ya yi arha: me kuke dafa wa iyali a wannan daminar?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na shiga kasuwar Farin Gada a nan Jos yin cefane, na tsaya gaban mai tumatir na kasa saye. Kashi ɗaya ƙwaya biyar ko shida, rabinsu sun fara ruwa, kuɗin da ya faɗa kuwa a watan Fabrairu da shi nake cika roba. Na juya zan tafi sai idona ya faɗa kan matan da suka baza alayyahu da yakuwa da ɗanyar kuɓewa, ganye shar, ɗauri manya-manya, ga arha. Gaba kaɗan ga sabon dankalin turawa, ga ɗanyar masara. Sai na tambayi kaina, wai wa ya ɗora mana dole sai jar miya kullum? Mu takwas ne a gida, ni da maigida da yara biyar da ƙanwarsa. Ni a ganina rabin kukan da muke yi na tsadar cefane mu muke jawo wa kanmu, don muna bin abin da ba lokacinsa ba, muna tsallake wanda Allah ya kawo da yawa. Tambayata ita ce, za a iya riƙe gida daga yanzu Yuli har kaka ba tare da ɗanyen tumatir ba? Me kuke dafawa wanda ba ya cin lokaci, ba ya cin gas, yara kuma su ci ba rigima?

Ummu_Sadiq: Wa alaikumus salam. Za a iya mana, ni shekara uku ke nan da damina ba na kallon inda tumatir yake. Faten dankali da alayyahu sau biyu a mako, tuwo da ɗanyar kuɓewa sau biyu, sauran ranaku gwate, ɗanwake, dambu, wake da shinkafa da mai da yaji. Kafin ki zagayo mako ya ƙare.

Baban Zahra: Maman Hanif, ban yarda da cewa mu muke jawo wa kanmu ba. Ni nake yin cefanen gidana da kaina. To an bar tumatir, manja fa? Man gyaɗa fa? Albasa ma yanzu ba ta da sauƙi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau kan komai, har ɗaurin alayyahun da kike yabo ya rage kauri. Kada mu ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba.

Maman Hanif: Baban Zahra gaskiyarka, ban ce babu tsada ba. Abin da nake nufi shi ne a cikin tsadar ma akwai mai dama-dama, kuma mai dama-daman shi ne na lokaci.

Hajiya Babba Gangare: 'Ya'yana, bari in ba ku labari. Lokacin da aka kawo ni Jos amarya, babbar kasuwar Terminus ma ba a gina ta yadda kuka santa kafin gobarar 2002 ba. A gidan surukata jar miya ta ranar Juma'a ce da ranar sallah da ranar da aka yi baƙo. Sauran ranaku abin da gona ta bayar shi ake ci. Ruwa na sauka za a fara da tafasa da lalo da zogale, sai rama da yakuwa su biyo, sai kuɓewa, in kaka ta yi a shiga kabewa da sabon wake da gyaɗa, da rani a koma kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi. Babu wanda ya zauna ya tsara, haka shekara take juyawa, tukunya ta bi ta. Kuma sirrin duk miyar ganye daddawa ce mai kyau, wadda ta nuna sosai, a daka ta da albasa da attaruhu da ɗan citta. In kin samu ƙashi ko busasshen kifi ki jefa, in ba ki samu ba ki jiƙa wake rabin gwangwani ki surfa ki cire bawon, ki barshi ya dahu har ya narke a ruwan miyar. Wallahi mai ci ba zai nemi nama ba.

Ummu_Sadiq: Allah ya ƙara girma Hajiya. Wannan dabarar waken a wurin kakata na ganta, na manta da ita sai yau.

Zee_Kubwa: Ku mutanen Jos kuna magana ne daga cikin ni'ima. Mu a Abuja duk abin da kuke kira arha sai ya sauko Hawan Kibo, ya bi Akwanga da Keffi kafin ya iso mana, ganyen ya yi laushi, kuɗin ya ninka. In ina son sauƙi sai na je Dei-Dei ko Zuba da sassafe, kuma aiki ba ya barina sai Asabar. Abin da na saya ranar Asabar zuwa Talata ya yi yaushi, firji kuma ba abin dogaro ba ne saboda wuta. Ina son bin lokaci amma ban san yadda zan yi ba.

Sista Rabi: Zee, kada ki wanke ganye kafin ki ajiye, ruwan ne ke ruɓar da shi. Ki tsince, ki naɗe shi a tsumma mai tsabta ko takarda, ki sa a wuri mai sanyi. Ki fara cin mai saurin lalacewa: alayyahu Asabar da Lahadi, kuɓewa Litinin, kabeji da karas da dankali su suke jure wa har ƙarshen mako. Yakuwa da zogale kuwa in kin ga za su fi ƙarfinki ki shanya su a inuwa.

Zee_Kubwa: Na gode Anti. Ashe tsarin cin ne ban iya ba, kabeji nake fara ci in bar alayyahu.

Malam Lambu: Ni manomin rani ne, bari in faɗa muku abin da ke sa tumatir tsada yanzu don kada ku zargi 'yan kasuwa kawai. Tumatir ba ya son ruwan sama mai yawa. Da damina danshi yana kawo masa ciwon ganye, fure ya zube, wanda ya yi 'ya'ya kuma ya tsage ya ruɓe tun a gona. Lokacinsa na gaskiya sanyi ne da rani, sa'ad da muke ba shi ruwa da hannunmu gwargwadon buƙata. Mu nan Filato da yawanmu da ruwan tsofaffin ramukan kuza muke ban ruwa, su Kano kuma suna da filayen noman rani na Kadawa. Daga Janairu zuwa Maris kaya na haɗuwa daga ko'ina, kwando ya faɗi har wani lokaci manomi ba ya mayar da kuɗin mota. Daga Mayu na rani ya ƙare, na damina bai isa ba, shi ne ramin da kuke ciki yanzu. Ga kuma tsutsar nan Tuta absoluta da ta cinye gonaki a 2016, har yau in zafi ya yi tana dawowa. Saboda haka maganar Maman Hanif tana kan hanya. Wanda ya dage sai tumatir a Yuli yana sayen mafi muni a farashi mafi tsada.

Baban Zahra: Malam Lambu, to me ya sa ba ku ajiye na rani ku fito da shi yanzu?

Malam Lambu: Da me za mu ajiye shi Alhaji? Ɗanyen tumatir kwana kaɗan yake yi. Sai dai kauɗa, ita kuma aikin gida ce, kowa zai iya.

Hajiya Babba Gangare: Yawwa, kauɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk watan Fabrairu kwando biyu nake saye, a yanka shi biyu-biyu, a shimfiɗa tabarma mai tsabta a bisa wani abu, ba a ƙasa ba, iskar hunturu ta busar da shi ƙarau. Tattasai ma haka. In za ki yi amfani da shi ki wanke sosai, ki jiƙa a ruwan ɗumi, ki markaɗa da albasa mai yawa. Launin ya fi duhu, amma a dafa-duka babu mai ganewa. Wanda ake shanyawa a bakin titi ne ke ɓata wa kauɗa suna, ƙasa da ƙura duk a ciki.

Maman Hanif: Mama na rubuta wannan, in Allah ya kai mu baɗi ba za ta wuce ni ba. Amma bana fa? Yarana in ba su ga ja a kan shinkafa ba sai su ce ba miya.

Amaryar Dadin Kowa: Anti ki gwada karas. Ki dafa karas uku ko huɗu su yi laushi, ki markaɗa da tattasai da albasa da attaruhu, ki soya da manja ko man gyaɗa. Ja ne sosai, kuma babu tsamin da sai kin daɗe kina soyawa. Maigidana ya ci sau biyu kafin na faɗa masa babu tumatir a ciki.

Ummu_Sadiq: Na taɓa yi, zaƙi ya yi min yawa.

Amaryar Dadin Kowa: Ki rage karas ɗin ki ƙara tattasai, ki matsa ɗan lemon tsami a ƙarshe ko ki jefa ganyen yakuwa kaɗan. Tsamin ne ke kashe zaƙin.

Kaneng_Vom: Ina gaishe ku duka. Na ga an ambaci gwate an wuce da sauri, alhali shi ne amsar tambayar gaba ɗaya. Mu a gida da shi muka tashi, tukunya ɗaya ce ta ciyar da gida tun safe har rana. Ga yadda mamata take yi: ta ɗora ruwa da ƙashi da albasa da attaruhu da daddawa, in ya tafasa ta zuba gauta yankakke, wanda yake da ɗan ɗaci. Sai ta kawo acha da aka rege tas ta zuba tana juyawa don kada ya yi gudaji. Acha ba ya ɓata lokaci, minti goma sha biyar ya isa. Sai yakuwa, sai alayyahu a ƙarshe, ta rufe kaɗan ta sauke. Ba ta sa mai ko cokali ɗaya, in tana son ya yi gardi sai ta dama dakakkiyar gyaɗa ta zuba. Da sanyin safiyar Jos, musamman Agusta da ake yini ana yayyafi, babu abin da ya kai shi. Kuma ganyayen da na lissafa yanzu ne lokacinsu.

Auwal ɗalibi: Anti Kaneng mu a gidanmu da tsakin masara ake yi, kuma ana sa manja. Wannan ba gwate ba ne ke nan?

Kaneng_Vom: Gwate ne ƙanina, gida-gida ne. Na tsaki ya fi arha ma, sai dai ya fi daɗewa a wuta. Mutanen Zariya da Kano za su ce maka fate.

Hajiya Babba Gangare: Kaneng 'yata kin iya. Abu ɗaya zan ƙara, regayar acha ba aikin gaggawa ba ce. Ƙwarya biyu ake sawa, ana juyawa a hankali daga wannan zuwa waccan har yashin ya kwanta a ƙasa, a zubar, a sake, sau huɗu ko biyar. Yashi ƙwaya ɗaya a baki ya isa ya sa yaro ya tsani acha har girmansa.

Baban Zahra: Acha kuma ai ya zama abincin masu kuɗi tun da aka ce yana maganin ciwon suga. Mudunsa ya fi na shinkafa tsada.

Sista Rabi: Alhaji bari in gyara wannan, don ina ganin illarsa a wurin aiki. Acha abinci ne mai kyau amma ba magani ba ne. Hatsi ne, yana da sitaci kamar sauran, mai ciwon suga in ya cika kwano ya cinye sugansa zai hau. Abin da ke taimakawa a gwate shi ne yawan ganyen da ƙarancin hatsin. Kada kowa ya ajiye maganinsa don ya koma cin acha. Sannan tunda ana maganar miyar ganye, don Allah a rage kanwa. Na san tana sa kuɓewa yauƙi, tana sa wake saurin dahuwa, tana kashe tsamin yakuwa, amma tana lalata wasu sinadaran bitamin da ke cikin abincin, kuma gishiri ce a karan kanta, mai hawan jini bai kamata ya yawaita ta ba. Ganye kuma a daina dafa shi har ya koma baƙi. Alayyahu minti uku zuwa biyar ya ishe shi.

Ummu_Sadiq: Sista to wake fa? A garin nan in ba kanwa sai ya cinye miki rabin tukunyar gas.

Sista Rabi: Ki jiƙa shi tun dare ki zubar da ruwan da safe. Rabin lokacin ya tafi.

Injiniya Sani: Ummu Sadiq ba ƙarya kika yi ba, akwai dalili. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200 daga matakin teku. Iska ba ta da nauyi a nan kamar a ƙasa, don haka ruwa yana tafasa tun zafinsa bai kai digiri 100 ba, wajen 96 yake tafasa. Kina ganin yana ɓararraka amma zafinsa bai kai na Legas ba, shi ya sa wake da ganda suke daɗewa. Murfi mai kama tukunya sosai yana taimakawa, tukunyar nan mai matse tururi kuma ta fi komai in da hali.

Auwal ɗalibi: Ikon Allah, shekara ashirin da biyu ina garin nan ban san wannan ba. Ni dai tambayata, risho ɗaya gare ni da tukunya ɗaya a ɗaki. Me zan dafa ban da taliyar leda?

Ɗan Bokkos: Auwal, dankali. Yanzu muke haƙar na damina, wanda aka shuka Afrilu da Mayu, daga nan har Agusta ba za ka samu lokacin da ya fi arha ba. Sabon dankali ko feraya ba ya so, ka wanke ka murza da hannu bawon zai fita. Ka soya albasa da attaruhu a manja cokali biyu, ka zuba ruwa kofi biyu, ka jefa dankalin yankakke da gishiri da ɗan kifi, in ya yi laushi ka farfasa kaɗan da cokali don romon ya yi kauri, ka watsa alayyahu ka sauke. Minti ashirin da biyar. Sai dai ka kula, na damina yana da ruwa a jiki, ba ya ajiyuwa. Kada ka sayi da yawa, kada ka barshi a leda, ka baza shi a ƙasa inda babu haske. Wanda ka ga ya yi kore ko ya yi tsiro ka yanke wurin da zurfi, in koren ya yi yawa ka yar, yana da guba.

Zee_Kubwa: Ɗan Bokkos, me ya sa wani lokaci nake sayen dankali lafiyayye, kwana biyu ya ruɓe daga ciki?

Ɗan Bokkos: Ciwon da ke kama shi a gona ne in ruwa da hazo sun yi yawa, ganyen ya ƙone kamar an watsa masa wuta, ya sauka har cikin 'ya'yan. Shi ne babban abin da ke karya mu a Bokkos da Mangu. Masu bincike na cibiyar binciken dankali da ke Kuru suna ta aiki a kan iri mai jurewa. In za ki saya ki duba wanda fatarsa ba ta da tabo mai duhu da ya lotsa, ki sa mai kayan ya yanka miki ɗaya ki gani.

Maryam Tudun Wada: Ni ban ga an ambaci miyar taushe ba. Ita ma ai ba ta buƙatar tumatir sosai, kabewa da gyaɗa da yakuwa da alayyahu ne.

Hajiya Babba Gangare: Maryam kin yi sauri. Kabewa tana yaɗo a gona yanzu, sai wajen ƙarshen damina take nuna. Wadda za ki gani a kasuwa yau ta ajiya ce, yanka ɗaya kuɗi mai yawa. Ki bari sai kaka, ki haɗa ta da sabuwar gyaɗa, ki ci da waina ko tuwon shinkafa. Yanzu lokacin kwaɗon rama ne da na zogale.

Maryam Tudun Wada: Haka ne Mama, na karɓi gyara.

Baban Zahra: Duk na ji, amma akwai abin da ba a faɗa ba. Miyar ganye aiki gare ta. Tsinkar zogale kaɗai sai ta ci awa guda. Matata tana koyarwa, ƙarfe uku take dawowa, ga yara. Jar miya kuwa ranar Lahadi za ta yi tukunya guda ta kai ta Laraba. Ba son ja ne kawai ke sa mutane manne wa tumatir ba, har da lokaci.

Ummu_Sadiq: Alhaji wannan gaskiya ce. Amma tsinkar ganye ba dole sai uwargida ba. Mu muna yara bayan la'asar ake zube mana shi a faranti, muna hira muna tsinka. Yanzu ma nawa haka nake musu, har mazan.

Baban Zahra: Ban ƙi ba. Ni ma in ina gida nakan yanka kuɓewa, ba abin kunya ba ne.

Sista Rabi: Kuma duk wanda zai ci ganye ɗanye, latas ko kabeji ko kokwamba, a wanke shi da ruwa mai tsabta sau da yawa, ganye-ganye. Da damina ruwa na kwaso ƙazanta ya shiga lambu, lokacin ne gudawa da amai suke yawa. Jiƙawa a ruwan gishiri kaɗai ba ta wadatar ba. Ga ƙananan yara na fi son a ba su dafaffe.

Kaneng_Vom: Maman Hanif, game da yara masu son ja, kada ki sauya musu komai rana ɗaya. Ki fara da faten dankali tunda manja na ba shi launi. Kuma ki tafi da babban cikinsu kasuwa ya zaɓi ganyen da hannunsa. Ɗana bai taɓa cin gauta ba sai ranar da ya tsinko ta da kansa a bayan gidan kakarsa.

Maman Hanif: Na dawo da rahoto. Daren jiya na yi faten dankali yadda Ɗan Bokkos ya faɗa, na ƙara wake kaɗan da na jiƙa tun safe. Huɗu sun cinye har da neman ƙari, Hanif ne kawai ya tsince ganyen ya tara a gefen kwano. Maigida ya ce a riƙa yi, amma ya roƙi a bar masa jar miyarsa ranar Juma'a, na ce to, zan gwada ta karas in gani. Baban Zahra, maganarka ta lokaci tana nan a raina, don gyaran alayyahun ya ɗauke ni fiye da yadda na zata. Gobe gwate nake so in yi. Anti Kaneng, mu takwas acha gwangwani nawa zai ishe mu, kuma yakuwar sai na fara tafasa ta na zubar da ruwan ko haka zan zuba?

Kaneng_Vom: Gwangwanin madara uku ya isa, yana kumbura sosai, ki ajiye ruwan zafi a kusa don ƙari. Yakuwar haka za ki zuba, tsamin shi ne daɗin. Ɗauri ɗaya na yakuwa, biyu na alayyahu.

Hajiya Babba Gangare: Uku ya yi kaɗan in akwai samari a gidan. Ki sa huɗu.

Zee_Kubwa: Akwai mai saukowa Abuja ranar Asabar? Ina son a riƙo min acha mudu biyu da dankali ƙaramin kwando, zan tura kuɗin.